Ƙullun da Ba Ya Son Taimako

Bakina ne ya ja min, ba kowa ba. Shekara bakwai da suka wuce, a wani gidan biki a Tsohon Birnin Gwari, tsakar gida cike da mata, aka kawo funkaso aka ce na uwar amarya ne. Na ci, ya yi daɗi, na tambayi wadda ta buga ƙullun. Aka ce 'yan mata ta sa suka buga mata. Da na ci gaba da cin abina da shi ke nan. Sai na ce, kuma ni ban iya magana ƙasa-ƙasa ba, duk matar da ta miƙa wa wata ƙullunta ta buga mata, kada ta ce funkason nata ne, na mai bugun ne. Aka yi dariya. Uwar amarya tana tsaye a bayana da kwanon miya a hannu.

A lokacin ina da hannun faɗin haka. A aji huɗu na tsaya a makaranta, ban iya ɗinki ba, kitsona kuwa sai wadda ba ta da zuwa ko'ina take kawo min kanta. Amma in na durƙusa gaban roba na fara bugun ƙullun alkama, har a kan layi ana ji. Funkaso bugu ne. A kwaɓa garin alkama da yis da ɗan ruwan kanwa, a ɗaga a maka, a ɗaga a maka, har sai ya yi danƙo yana bin hannu. In ya tashi a sake ba shi wasu, sannan a soya. Duk suna da biki a danginmu da dangin Malam, maigidana, ba a tambayar wa za ta yi funkaso. Alkamar kawai ake aiko min.

Bara waccan da damina yatsuna suka fara kumbura da safe. Daga baya wuyan hannu ya shiga ciki. A asibiti aka ce ciwon gaɓɓai ne, aka ba ni ƙwayoyi, aka ce in rage aikin ƙarfi. Na sha ƙwayoyin. Wata rana na kwaɓa alkama don in gwada kaina, na buga sau bakwai, a na takwas na zauna na rungume hannuna kamar jariri. Kaji suka ci ƙullun.

Ban gaya wa kowa ba sai Malam, shi ma don shi ke buɗe min murfin kwalba. In aka aiko da maganar funkaso sai in ce alkamar bana ba ta da kyau, tunda hanya ta lalace 'yan kasuwa ba sa shigo da ta kirki ta cikin dajin nan. A shekarun nan hanyar Kaduna ta ɗauki laifuka da yawa, nata da waɗanda ba nata ba. Ni ma na ɗora mata nawa.

Sai autata ta samu ciki. Tana aure a wata unguwa nan cikin gari, mijinta malamin firamare ne, haihuwar fari kuma, ana sa rai cikin bazara. Ranar suna dole abinci ya fita daga gidan uwar mai jego, kuma kowa ya san abin da ke fita daga nawa gidan. Ga wani ƙari: uwar mijinta ƙanwar matar nan ce da na yi wa magana a gidan biki, uwa ɗaya uba ɗaya. In na kai funkason da wata ta buga, a gabanta za a buɗe kwano. In na je hannu wofi, 'yata ce za ta zauna cikin dangin miji da wannan maganar. Jikokin mutane nawa na yi wa, a ce nawa ne bai samu ba.

Saura kamar wata guda ta haihu, autar ta zo wuni. Ta zauna da ƙyar a kan tabarma, ta ciro wayarta ta ce in zo in ga wani abu. Ba ta ce komai a kan hannu ba. Bidiyo ne, wata Baturiya ce a kicin fari tas, ta zuba fulawa a kwano, ta sa gishiri da yis, ta tuttula ruwa, ta juya da cokali kamar mai dama koko, ta rufe. Autar tana fassara min. Wai sunansa fokaca, burodin mutanen Italiya.

"Ina wurin bugun?" na ce.

"Babu, Inna."

"Sun yanke ne. Ba sa son a ga tana zufa."

"Ba su yanke ba. Barinsa ake yi, shi yake yin aikin da kansa."

Aka zo wurin mai. Man zaitun ne, ta kwarara shi a tire kamar ruwan rijiya. Man zaitun a gidanmu magani ne, yana cikin wata 'yar kwalba a bayan rediyon Malam, ana ɗiga shi a tafin hannu a shafa a gwiwa. Malam ya leƙo ta kafaɗarmu ya kalla na ɗan lokaci.

"Allah ya ba ta lafiya," ya ce.

Da yamma na duba bayan rediyo, kwalbar ba ta nan. Ta koma aljihunsa. Dama man gyaɗa na yi niyya.

Baturiyar a firij take kwanar da nata. Namu firij ɗin kwanuka ake ajiyewa a ciki, tunda wuta ta zama baƙuwa. Autar ta ce in rage yis, in kwaɓa bayan asuba, in ajiye kusa da randa inda ƙasa ke da sanyi, zuwa azahar ya isa. Ta maimaita min awon har na riƙe: fulawa kofi huɗu, ruwa kofi biyu, gishiri, yis ɗan kaɗan a bakin cokali. Idan ya tashi a juye a tiren da aka shafe da mai, a sake barinsa ya huta ya cika tiren, sannan a lotsa shi da yatsu a gasa. Ta riƙe min gefen zane ta ce, "Inna, abu ɗaya ne. Kada ki taɓa shi."

Akwai wadda ya kamata in ambata tun ɗazu. Katangarmu ɗaya da wata mata 'yar asalin Kutemeshi, ta girme ni da shekara biyar, ina ce mata Yaya duk da ba mu haɗa jini ba. Akwai 'yar ƙofar langa-langa a jikin katangar, mazajenmu suka fasa ta tun yaranmu suna rarrafe. Nata mijin ya rasu, ƙofar tana nan. Matan garinmu dama ba sa ganin aiki a ajiye a gidan 'yar'uwa su wuce, amma ita Yaya nata ya fi na kowa. In ta shigo ta tarar da wanke-wanke, hannunta yana cikin ruwa kafin a amsa mata sallama. Ta taɓa share min tsakar gida ina tsakiyar shara. Ita ma ban gaya mata zancen hannu ba, balle na burodi. Kunya nake ji a ce ni ce nake juya fulawa da cokali.

Ranar farko na kwaɓa. Abin ya fito caɓal, yana manne wa cokali, duk jikina yana cewa in ƙara gari in sa hannu. Na rufe na kau da kai. Kafin rana ta take ya ninka, ya yi idanu manya da ƙanana, in an girgiza robar sai ya yi rawa kamar kitse. Na shafe tire da man gyaɗa, na juye, na kife babbar roba a kai a ƙarƙashin rumfa. Na zuba yashi a tukunyar biki, na jera gwangwani uku a ciki da tiren zai hau, na hura gawayi. Haka muke gasa kek tun da can, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. Sai na yi alwala na shiga ɗaki. Bayan gidanmu akwai injin niƙa, da azahar yake tashi, in ya fara ko kiran sunanka aka yi ba ka ji. Na yi salla, na ja carbi, na ɗan kishingiɗa.

Da na fito na ɗaga robar, sai na ga ƙullun ya kwanta. Sumul, yana sheƙi, kamar an bi shi da dutsen guga. Idanun nan duk sun tafi. Wuta ta riga ta kama, na lotsa shi haka nan na gasa. Ya fito kamar allon karatu.

Malam ya yi ritaya daga sakatariya, aikinsa yanzu zaure da rediyo. Na kai masa da shayi. Ya sa hannu biyu ya karya, ya tsoma, ya jira, ya sake tsomawa.

"Yaya ka ji?"

Ya daɗe yana taunawa. "Yana da riƙe ciki," ya ce. "Wanda ya ci wannan ya gama da yau."

Na ce yis ne ya mutu. Na sayo sabo, na gwada shi a ruwan ɗumi da sukari, ya yi kumfa har ya zubo. Na sake kwaɓawa bayan kwana biyu. Ya tashi, na juye, na shiga salla, na fito, ya kwanta. Karo na uku na ce zafi ne, na jiƙa buhu na shimfiɗa a ƙarƙashin tiren, na canja fulawa. Ya kwanta. Akuyarmu da take cin kwali ta shinshina na ukun ta koma wurin kwalinta.

Na kira autar a waya.

"Inna, kin taɓa shi."

"Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya? Ko ɗan shafawa?"

"Ni kike tuhuma? Ni na haife ki."

"Shi ya sa na sani."

Saura mako biyu a lissafinsu. Na fara tunanin ko in kwanta ciwo ranar sunan, ciwo na gaske wanda za a zo dubiya. Na ma zaɓi zazzaɓi.

Karo na huɗu ya faɗo ranar da bel ɗin injin niƙa ya tsinke. Unguwa ta yi tsit, har kukan kurciya ake ji daga kan mangwaro. Ƙullu ya tashi lafiya, na juye, na kife roba, na shiga na tayar da salla. Ina raka'a ta biyu na ji ƙofar langa-langa ta yi ƙara. Sai takun silifas, mai ɗan jan ƙafar hagu. Sai aka ɗaga roba aka jingine ta da bango a hankali. Sai ruwan buta, ana wanke hannu.

Sai bugu.

Ni karatu ne ban yi ba, amma kunne ina da shi. Na san bugun kowace mace a layinmu ko ina cikin ɗaki. Wannan biyu ne da sauri, ɗaya a hankali, awarwaro yana amsawa a na ukun. Shekara talatin ina jin sa ta katanga.

Sallar azahar raka'a huɗu ce, kuma ba a yanke ta saboda burodi. Na tambaya daga baya, an tabbatar min. Na tsaya ina fuskantar gabas ana kashe min ƙullu a bayana, fat fat, fat. Abin da na karanta a sauran raka'o'in biyu Allah kaɗai ya sani, sai da na sake sallar daga baya. Na sallame na fito da hijabi a jikina.

Yaya tana durƙushe, ta gama bugun, tana shafe saman da mai tana daidaita gefe da gefe, irin aikin mai son abu ya yi kyau.

"Sannu da aiki, Yaya."

Ta ɗago, hannu dumu-dumu da mai. "Har kin idar?"

"Na idar."

"Yau kin yi sauri."

"Yau injin bai tashi ba."

Ta karkata kai ta saurara. "Af. Shi ne na ji unguwar wani iri."

"Sau nawa ke nan?"

"Da na yau huɗu. Na farkon ma na sha wuya, ruwa ya yi masa yawa. Wa ya koya miki funkaso da fulawa zalla, kuma a tire?"

"Ba funkaso ba ne. Burodi ne, kuma ba a bugunsa."

"Haka kowa zai ce in hannunsa yana ciwo."

Na zauna a kan turmin da ke kife. Na ce wa ya gaya mata hannuna yana ciwo.

"Katanga," ta ce. "Bara waccan na ji kin fara, kin yi bakwai, kin tsaya. Ban ƙara ji ba. Kuma buta da hannu biyu kike ɗauka yanzu, kamar ana ba ki kyauta."

"Shi ne ba ki yi min magana ba."

"Ina wurin ranar da kika yi wa'azinki a gidan biki. In na ce kawo in buga miki, me za ki ce?"

Na yi tunani. "Zan ce alkamar ce ba kyau."

"To."

Ashe ta leƙo ne ranar farko neman rariya, ta ɗaga roba ta ga ƙullu ko taɓa shi ba a yi ba. A ganinta na kwaɓa ne, na gwada, na kasa, na rufe na shige ɗaki da baƙin ciki. Ta ce a ranta bari ta buga, in na fito na gani in ce aljanu ne, ita dai ba ruwanta. Kullum tana jin na hura gawayi sai ta jira injin ya tashi. Har ta fara jin haushina, wai ana taimakona amma abin ba ya gyaruwa, don Malam ya taɓa miƙa mata wani yanka ta kan katanga, haƙorinta bai manta ba.

Na yi mata bayani da baki, tunda wayata ba ta nuna hoto. Na ce idanun nan da take fasawa su ne burodin. Ta saurara har ƙarshe, tana goge hannu da gefen zane.

"Burodin raggaye ke nan," ta ce.

"Haka ne."

"Ba zai yi ba."

"Ki zo gobe ki gani. Amma da sharaɗi."

Washegari ta zo tun hantsi. Na ba ta kujera 'yar tsugunne, ta zauna ta cusa hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta, ita ta ga dama da kanta. Na juye ƙullun a tire muka zauna muna kallonsa. Ban taɓa zama na kalli abinci yana aiki ni ina hutawa ba. Yana ta miƙewa a hankali yana neman kusurwa.

"Ko sau uku in ɗan juya shi."

"A'a."

"Ga wani can ya fi sauran kumbura. Zai fashe da kansa ya ɓata miki."

"Bar shi."

"Ni ba bugu zan yi ba, gyarawa zan yi."

"Yaya."

"Na ji."

Ranar a nan tsakar gida na yi salla, a gefen tiren.

Da ya cika tire har yana taɓa baki, na tsoma yatsu a mai. Yatsun nan da suka karkace, waɗanda ba sa dunƙulewa, ashe a buɗe aikin yake son su. Na nutsa su har na ji ƙarfen tire, na ɗago, na matsa gaba na sake nutsawa. Ƙullun yana da laushi da ɗumi, kumfa yana tasowa a tsakanin yatsuna, ramukan suna tsayawa inda na bar su, mai yana gangarawa ciki. Babu inda ya yi min zafi. Rabona da sa hannu a ƙullu ya kusa shekara biyu. Na daɗe a kai fiye da yadda Baturiyar ta daɗe.

"Wannan ai ko ni zan iya," in ji Yaya.

"Na sani. Zauna."

Na watsa albasa da yankakken tumatir, na tsinko ganyen ɗoɗɗoya daga bakin rijiya tunda ganyen da ke cikin bidiyon ba a san shi a kasuwarmu ba, na barbaɗa gishiri. Muka sa a tukunya, Yaya ta kwashi garwashi ta zuba a murfi, wannan kam na bar mata. Kafin a gama labaran rana da sanarwar da ke biye da su, ƙamshi ya fito da Malam daga zaure ba a kira shi ba.

Ƙasan ya soyu a man gyaɗa ya yi ƙus-ƙus, saman ya yi ja, albasar ta ɗan ƙone a baki-baki. Da na yanka, cikin duk ƙofofi ne kamar saƙar zuma. In an danna sai ya dawo.

Malam ya karya da hannu ɗaya. Ya kalli hannun, ya kalli burodin.

"Wannan daban yake da na kwanaki."

"Me ya bambanta su?"

"Wannan ana iya hira ana cinsa."

Yaya ta ci yanka uku, ta suɗe yatsu, ta ce da an buga shi da ya fi haka.

Autar ta sauka lafiya, mace aka samu. Ranar suna na kwaɓa na tire tara bayan asuba, da cokalin katako, a zaune. Na aro tukwane biyu a kan tawa. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne mata. Tun hantsi suka fara shigowa taya ni miyar taushe, kuma duk wadda ta ga tirori jere a ƙarƙashin rumfa sai ta fara naɗe hannun riga. Yaya ta jawo kujerarta ta zauna a gabansu, ta ɗora muciya a kan gwiwa.

Ƙanwar Malam ta iso daga Gayam a kan babur. Manomiya ce, damtsenta ya fi na yayanta. Ta wanke hannu tun kafin mu gama gaisawa.

"Ina ƙullun?"

"Ga shi nan," in ji Yaya. "Ba a taɓawa."

"Na magani ne?"

"Na Turawa ne."

"To ai su ma sa so a kama musu."

"Ga kabewa can, fere."

Ranar an fere kabewar da za ta ishi unguwa biyu. Duk wadda ta miƙo hannu, Yaya kabewa take ɗora mata. Da kabewa ta ƙare ta koma alayyafo. Wata tsohuwa ta zagaya ta bayan randa, Yaya ba ta ko juya ba ta miƙa muciyar ta tare hanya. Sai da na lotsa tire na tara da yatsuna sannan ta tashi ta miƙe baya.

Bayan la'asar muka isa gidan suna da kwanuka. Tsakar gida cike, autata tana ɗaki da jaririya, uwar mijinta ta tare mu da fara'a. Kusa da ita a kan tabarma ga yayarta, uwar amaryar nan ta shekara bakwai. Ta ɗan tsufa. Ita aka miƙa wa kwanon farko, don ita ce babba. Ta buɗe.

"Ina funkason?"

"Bana wannan na yi, Hajiya."

Ta ɗauki yanka ɗaya ta juya shi, ta leƙa ƙofofin, ta tsoma a taushe. Miyar ta shige ramukan ta zauna. Ta ci, ta sake tsomawa. Matan da ke kusa suka fara miƙo hannu.

"Ya yi daɗi," ta ce. "Wa ya buga miki?"

Hirar da ke kusa da mu ta tsaya. Ashe ba ni kaɗai nake tuna ranar ba.

"Babu wanda ya buga. Ba a bugunsa."

"Ni shaida ce," in ji Yaya daga bayana. "Sau huɗu na buga mata a ɓoye, sau huɗu yana lalacewa."

Aka yi dariya. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan na tsira, abincina ya fito daga hannuna kuma ban janye maganata ba. Ina shirin matsawa gaba sai Hajiya ta kamo hannuna na dama. Ta juya shi ta duba gaɓɓan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen kuɓewa.

"Yaya hannun? Tun bara muka ji."

"Wa ya faɗa?"

"Kowa," in ji wata daga gefe. Ƙanwar Malam ta ce su ma a Gayam sun ji.

"Ki riƙa tsoma shi a ruwan ɗumi da gishiri da safe," in ji Hajiya. "Yana ragewa. Nawa shekara goma ke nan."

Ta zaro nata hannun daga cikin mayafi ta ɗora kusa da nawa. Yatsunta sun fi nawa karkacewa, babban ma ya koma gefe gaba ɗaya. Shekara goma. Bikin 'yarta shekara bakwai ne. Ko ni mai aji huɗu na iya wannan lissafin.

Na kalli hannayen nan biyu, nawa da nata. Sannan na ce, kuma har yanzu ban iya magana ƙasa-ƙasa ba, don haka har na cikin ɗaki sun ji:

"Hajiya, funkason ranar nan naki ne."

"Na sani," ta ce. "Miƙo min wancan mai albasa da yawa."

Ko ɓarɓashi bai dawo gida ba. Autar ta ce an ajiye mata yanka biyu, dangin miji suka cinye ɗaya a hanyar ɗaki.

Yanzu duk Juma'a ina yin burodin, tire biyu, ɗaya yana bi ta ƙofar langa-langa. Na koya wa Hajiya ma, a waya, sau uku tana kira tana tambaya ko da gaske ba a taɓawa. Funkaso kuwa ya dawo gidan da ƙaramar salla, don Malam ya fara ambatonsa yana kallon sama. Ni na auna alkama da kanwa, ni na ce ruwan ya isa, na kira Yaya ta katanga da sunan aikin, da rana tsaka, injin bai tashi ba. Ta durƙusa ta fara, biyu da sauri, ɗaya a hankali. Na zauna a kan turmi ina gaya mata inda take kuskure.